Mai Nauyin Tashi Da Safe Ba Lalle Ne Rago Ba

A ƙasashen Amurka da Ingila akwai al'adar rubuta 'yan maganganun ban dariya a jikin kofin tangaran da ake shan gahawa. Wani kofin ya ce kada kowa ya yi wa mai shi magana sai ya sha gahawarsa. Wani ya ce gahawa tukuna, sauran zance daga baya. Wani kuwa ya fito fili ya ce mai shi da safiya ba sa shiri. Akan ba abokin aiki irin wannan kofi don zolaya, shi kuma ya ajiye shi bisa tebur kamar sanarwa.

Mu a nan ba mu ɗauki abin da wasa ba. Mun tashi muna jin cewa da sanyin safiya ake kama fara. Saboda haka yaron da aka tayar sau uku bai motsa ba, sunansa rago, wani lokaci har da bulala. To, 'yan'uwa, ashe maganar ta fi haka zurfi.

Masana sun tabbatar cewa a jikin kowane mutum akwai wani agogo mai zagayowa kusan kowace awa 24, shi ke kawo barci, shi ke kore shi. A shekarar 2017 aka ba Amurkawa uku, Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young, lambar yabo ta Nobel saboda gano yadda agogon nan ke aiki. Na wani yana gaba, na wani yana baya, kuma gado yana da hannu a ciki. Shekaru ma haka. Idan yaro ya fara balaga agogonsa kan ja baya, barci ba ya zuwa masa da wuri, alhali yana bukatar awa 8 zuwa 10. Dalili ke nan jihar Kalifoniya ta kafa doka a 2019, wadda ta fara aiki a 2022, cewa manyan makarantun sakandare na gwamnati, ban da na karkara, kada su fara darasi kafin ƙarfe 8:30 na safe.

Gahawar fa? Muddin mutum yana farke, wani sinadari mai suna adinosin yana taruwa a ƙwaƙwalwa, shi ke sa jin barci. Sinadarin kafeyin da ke cikin gahawa yana tare masa hanya ne kawai. Gajiyar tana nan, an dai rufe mata baki. Kada kuma mu ce wannan matsalar Turawa ce, gama kafeyin ɗin nan yana cikin goro, yana cikin shayi, yana cikin Nescafé da mai shayi ke haɗa mana. Yakan ɗauki kamar awa 5 kafin rabinsa ya bar jiki. Wanda ya sha da ƙarfe 5 na yamma, rabi na nan tare da shi ƙarfe 10 na dare. Ya kwanta a makare, ya tashi da nauyi, ya sake neman kofi. Direban da ke korar gyangyaɗi da goro ya lura da wannan, don rayukan mutane ne a hannunsa.

Abin da ke taimakawa ba ya bukatar kuɗi. A riƙa kwanciya da tashi a lokaci guda kullum, har ranar hutu. A fita cikin hasken rana da safe, don haske ne ke saita agogon jiki. A ajiye waya kafin kwanciya, a bar gahawa da goro tun daga azahar.

Iyaye kuma, kafin mu kira yaro rago, mu fara bincika ƙarfe nawa barci ya ɗauke shi jiya.