Bakin da Ke Ci, Shi Ake Ƙarfafawa

Wannan ƙara da kuke ji, injin ban ruwa ne a fadamar Gulbin Rima, kusa da Sabon Birni. Daga nan har gaɓar Bunsuru ta wajen Isa, shi ne ƙashin bayan noman rani.

Amma ku leƙa rumfar bakanike ranar kasuwa. Manomi ya sauke inji daga bayan babur, yana cewa, "Maigida, duba min, ƙarfinsa ya mutu." A kwance kan injin, sai ga bawul da mazauninsa, wani ɗan zobe da bai kai bakin kofin shayi ba, sun cinye juna. Injin da ke juyi 3,600 a minti, bawul ɗinsa na dukan wannan zobe sau 30 a daƙiƙa, ga zafi, ga ƙurar hunturu. Tun cire tallafin fetur a Mayun 2023, wasu manoma suka mai da injinansu kan gas ɗin girki. Aljihu ya huta, amma gas busasshe ne, ya fi fetur cin zoben.

Manyan masana'antu sun daɗe da maganin wannan. A 1907 Elwood Haynes na Amurka ya yi rajistar wani haɗin ƙarfe na kobalt da kuromiyam, wanda aka sani da Stellite. Ko ya yi ja-wur da zafi, taurinsa na nan. Tsadarsa ta sa ba a ƙera bawul sukutum da shi. Walda ake yi, a shimfiɗa milimita 2 ko 3 daidai inda gogayya take, sannan a goge ya yi sumul. Haka ake yi wa bawulolin matatun mai da tashoshin lantarki. Kobalt ɗin kuwa, akasarinsa daga Kwango ake haƙo shi, nan Afirka.

Ni dai ban ga baƙon abu a nan ba. Maƙerin Gobir, in garma ta cinye, ba ya jefar da ita. Sifirin ɗin mota yake sarowa ya ɗora mata sabon baki.

Bakanikenmu ba shi da Stellite. Man goge bawul yake shafawa, ya yi ta murza sanda tsakanin tafukansa har bakin ya zauna daram. Manomin na tsugune gefe, hankalinsa na kan albasar da ta kwana biyu ba ruwa.