Ƙafa Ɗaya da Sanduna Biyu: Abin da Kyamara ta Gani a Bakin Tekun Saliyo

A wannan fitowa za mu kai ku ƙasar Saliyo, mu yi zancen wasu hotuna da kuma mutanen da ke cikinsu.

Yaƙin basasar Saliyo ya ɓarke a 1991, bai lafa ba sai a farkon 2002. Duk wanda ya riƙa kasa kunne ga rediyo a waɗancan shekaru bai manta da abin da ya fi tayar da hankali ba: ƴan tawayen RUF na Foday Sankoh sun mayar da sare hannuwan bayin Allah tamkar sana'a, musamman da suka afka wa birnin Freetown a watan Janairun 1999. Wasu kuwa ƙafa suka rasa, ko ta dalilin adda, ko harsashi, ko raunin da ya ruɓe don babu likita kusa. Aka tara da yawansu a wani sansani a unguwar Murray Town, sansanin kuma ya zama mazayartar ƴan jarida da manyan baƙi. Kusan kowa ya zo da kyamararsa abu guda yake nema, wato dungu. A ce wa mutum ya naɗe hannun riga, a ɗauka, a wuce. Ba mu ce hotunan nan ba su yi rana ba, domin sun taimaka wajen farkar da duniya. Sai dai mai kallonsu yakan tuna raunin, ya manta fuskar mai raunin.

A 2001 wasu samari masu ƙafa ɗaya suka kafa ƙungiyar ƙwallo a Freetown, wadda aka sani da SLASC, suka riƙa atisaye a kan rairayin bakin teku. Wani mai ɗaukar hoto ɗan ƙasar Sipaniya, Pep Bonet, wanda ya shafe shekaru yana bin rayuwar Saliyo bayan yaƙi, ya bi su filin wasa da wajensa. Jerin hotunan da ya fitar, mai suna One Goal, ya zo na biyu a ɗaya daga cikin rukunonin wasanni na gasar World Press Photo ta 2007.

Kafin a gane kyan hotunan sai an san wasan. Mutum bakwai ne a kowane ɓangare. Shida masu ƙafa ɗaya ne, kowa da sandunan ƙarfe biyu masu riƙe damtse, kuma ba a shiga fili da ƙafar roba. Na bakwai, mai tsaron gida, ƙafafunsa biyu amma hannunsa ɗaya. Wanda ya tura ƙwallo da sanda da gangan, hukuncinsa ɗaya da wanda ya sa hannu. Ana yin minti 25, a huta, a ƙara 25. To, ku yi tunani: mai ƙafa ɗaya da me zai tsaya idan zai buga? Sai ya kafa sandunan biyu a ƙasa, ya ɗora nauyinsa duka a kan kafaɗu da damatsa, ya wurga jikinsa gaba kamar mai lilo, ƙafar ta haɗu da ƙwallo a sama. A cikin wannan ƙiftawar ido babu tafin sawunsa a ƙasa ko kaɗan. Idon ɗan kallo ba ya iya riƙe ta, kyamara kuwa tana tsayar da ita cak: jijiyoyin wuya a miƙe, rairayi na tashi, ido na kan ƙwallo. Dungun yana nan, ba wanda ya ɓoye shi, amma sai ka gama kallon ƙarfin da tsarin jikin kafin ka tuna da shi. Mu dai a ganinmu, nan ne gwanintar take. Hoton da ya ɓoye nakasa ya yi ƙarya, wanda kuma bai nuna komai ba sai ita ya tauye mai ita.

Wasan bai tsaya a bakin teku ba. A watan Fabrairun 2007 Freetown ta karɓi gasar Afirka ta farko, Ghana ta tafi da kofi. A 2018 kuma Angola, wadda ita ma nakiyoyin yaƙi suka cinye ƙafafun ƴaƴanta, ta ci kofin duniya a Meziko bayan ta doke Turkiyya a bugun fanareti.

Kada mai karatu ya ɗauka zancen na nesa ne. Mu tamu masifar ba adda ba ce, shan inna ce. Sai a ranar 25 ga Agustan 2020 aka tabbatar da cewa Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar ta daji, amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan cikinmu, a gidajenmu da kasuwanninmu. Ɗaya daga cikinsu, Misbahu Lawan Didi, mutumin Kano, ya ƙirƙiro ƙwallon guragu a 1988. Ƴan wasa na zaune a kan ɗan katako mai tayoyi, suna tunkuɗa ƙasa da hannu, da hannu kuma suke bugun ƙwallo, cikin gudun da mai ƙafa biyu zai yi haki kafin ya cim masu. Wannan katako kowa ya san shi, shi ne dai wanda muke gani a bakin danja da ƙofar masallacin Juma'a. Wanda ya leƙo mai shi ta tagar mota, daga sama, hannu a miƙe kawai zai gani. Wanda ya durƙusa a gefen fili ya daidaita idonsa da nasa, zai ga ƙirji da kafaɗu irin na ɗan kokawa. Mutumin bai sauya ba, katakon ma haka. Mai kallo ne ya sauya wurin tsayawa.

Amma fa akwai gyara. Hoto mai kyau ba ya cika tukunya, kuma da dama daga cikin ƴan wasan nan, a Freetown ko a Kano, sukan tashi daga fili su koma neman na abinci da ƙyar. Sannan yabo ma yakan wuce gona da iri. A 2012 tashar talabijin ta Channel 4 a Ingila ta tallata gasar naƙasassu ta London da kiran ƴan wasan mutanen da suka zarce ɗan Adam. Tallar ta yi farin jini, amma wasu masu nakasa suka ce to, wanda bai ci lambar zinariya ba fa, wanda burinsa kawai ya samu hanyar shiga aji ko ofis, shi ba abin girmamawa ba ne? Da gasar Paris ta 2024 ta zo, tashar ta ajiye waccan kalma. Muna ganin sun yi daidai.

A gida kuwa ba ƙiyayya ce ta fi tauye yaro mai nakasa ba, tausayi ne da jin kunyar idon mutane. Abin ba sabo ba ne: sahabi Amru ɗan Jamuhu, Allah Ya yarda da shi, gurgu ne, kuma ƴaƴansa na cikinsa ne suka so zaunar da shi gida ranar Uhudu, shi kuwa ya ƙi. Mun san wani gida a unguwarmu inda shekara da shekaru, duk ranar Salla idan mai hoto ya zo, sai a tsayar da wata yarinya a layin baya, ƙannenta su kare mata ƙafar da ta shanye, sandarta kuwa a jingine ta bayan ƙofa. Uwar ba ta taɓa nufin sharri ba, cewa take kada a yi wa ƴarta dariya. Bara, da yarinyar ta kai shekara 15, ita da kanta ta ce: "Inna, yau a gaba zan tsaya, kuma a miƙo mini sandata." Aka yi shiru na ɗan lokaci, sannan mahaifin ya je bayan ƙofa ya ɗauko.