Ƙanwar Shugaban Ƙasa da Aka Cire Daga Makaranta

A farkon shekarun 1970 aka cire wata yarinya 'yar shekara 13 daga makarantar firamare a birnin Kano, aka ɗaura mata aure da mutumin da a haife ya haife ta. Ba wanda ya ɗauki abin a bakin komai. Haka ake yi a cikin birni, haka ake yi a Gwarzo da Getso da Kabo da Garo: da zarar yarinya ta fara tasawa sai a ce boko ya isa haka, ɗakin miji ya fi mata. Abin da ya sa labarin wannan yarinya ya fita daban shi ne gidan da ta fito. Yayanta, wanda suke uwa ɗaya, a lokacin babban hafsa ne a rundunar sojan Nijeriya. Ya yi Kwalejin Barewa a Zariya, ya yi makarantar horon hafsoshi ta Sandhurst a Ingila, ya jagoranci runduna ta biyu a yaƙin basasa, kuma a watan Yuli na 1975 ya zama shugaban ƙasa. Shi ne Janar Murtala Ramat Muhammed. Ita kuwa ƙanwar, wadda aka haifa a 1959, ita ce Hajiya Balaraba Ramat Yakubu.

Ciki ɗaya suka fito. Namijin ya ƙetare teku neman ilimi, macen ba ta wuce firamare ba. Masu cewa talauci ne kaɗai ke hana 'ya mace karatu a ƙasar Hausa sai su faɗa mana wane talauci ne ya yi wannan.

Auren bai kai shekara biyu ba ya mutu. Ta dawo gida ƙaramar bazawara, mahaifinta kuma yana nan kan bakarsa game da boko. Sai ita da mahaifiyarta suka ɓullo ta bayan gida. Kamar yadda ta sha bayarwa a hirarrakin da aka yi da ita, izinin da aka nema wajen mahaifin na zuwa koyon ɗinki da saƙa ne, sana'ar da ba uban da zai ƙi wa 'yarsa. Ya amince. Abin da ba a gaya masa ba shi ne, a wurin nan da ake koyar da ɗinkin, ana kuma koya wa manyan mata karatu da rubutu. Da haka ta gyara hannunta a Hausar boko. Ni dai a duk labarin nan uwar ta fi ba ni mamaki. Ba ta ɗaga wa mijinta murya ba, ba ta kai ƙara gaban alƙali ba, ba ta jira ɗanta hafsan soja ya zo ya raba gardama ba. Ta san iyakar ikonta a cikin gidan, ta yi aiki da shi har ƙarshensa.

Zamani kuma ya yi wa Balaraba tanadin masu karatu. A 1976, shekarar da aka kashe yayanta ranar 13 ga Fabrairu, gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta, wato UPE. A 1980 gwamnatin Muhammadu Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya ta Jihar Kano, azuzuwan yaƙi da jahilci suka bazu har ƙauyuka. Kafin ka ce kwabo an sami ɗimbin mata da suka iya haɗa baƙi da wasali, amma abin karantawar bai wuce su Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce ba, littattafan da aka gada tun zamanin Abubakar Imam. Hajiya Hafsat Abdulwahid ta buɗe wa mata ƙofa da So Aljannar Duniya, wanda kamfanin NNPC na Zariya ya buga a 1980, sai dai tattalin arziki ya karye, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja da baya. Matasan Kano suka ce ba za su jira kowa ba. Suka riƙa tara kuɗinsu suna kai rubutu ƙananan maɗaba'u, su kwaso su kai kasuwa da kansu. Ƙungiyar marubuta ta Raina Kama, inda su Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba suke, tana cikin waɗanda suka yi wannan aiki, kuma Balaraba tana sahun gaba a cikinta. Littafinta na farko, Budurwar Zuciya, ya fito a 1987.

Wanda bai riski lokacin ba zai yi wuya ya gane irin tafiyar da waɗannan littattafai suka yi. 'Yan sirara ne, takardarsu irin ta jarida, labari ɗaya a raba shi na ɗaya da na biyu, wani har na uku, don mai saye ya iya biya kaɗan-kaɗan. Daga Kano sai su hau motocin haya masu bin titin Gwarzo, su wuce Kabuga da sabon matsugunin Jami'ar Bayero da Janguza da Rimin Gado, su ratsa ƙasar Kabo, su sauka a tebur ɗin mai sayar da littattafai kusa da tasha. Wadda ba ta da kuɗin saye sai ta karɓi haya. Matar kulle ta aiki yaro ya karɓo mata. 'Yar makarantar kwana ta lulluɓe bangon da takardar littafin rubutu, malami na wucewa ya ga kamar darasi take bita. A gidan da mace ɗaya ce kaɗai ta iya karatu, ita ke karanta wa sauran a tsakar gida bayan an sauke tukunya, ana tsinke ta da gardama kan wa ke da laifi. Kafin littafi ya dawo hannun mai shi bangon ya yage, gefen shafukan ya yi baƙi da man girki.

To me suke karantawa? Jama'a sun yi wa littattafan kuɗin goro, suna kiran su na soyayya. Na Balaraba kuwa, soyayya ce mafi ƙaranci a cikinsu.

A 1990 ta fitar da Wa Zai Auri Jahila? Labarin Abu ne, yarinyar ƙauye da mahaifinta ya cire daga makaranta. Saurayin da aka yi mata alkawari da shi, Amadu, ya yi boko ya ce shi ba zai auri wadda ba ta yi karatu ba. Don a wanke kunya sai aka ba da ita ga Sarkin Noma, dattijo mai mata da 'ya'ya. Marubuciyar ba ta rufe wa mai karatu ido a kan daren farko ba, ba ta kuma ɓoye abin da ciki da haihuwa ke yi wa jikin da bai ƙosa ba. Abu ta gudu birni wajen gwaggonta, ta koma karatu, ta zama ma'aikaciyar jinya, waɗanda suka raina ta suka dawo suna neman alfarma a wajenta. Ba sai an gaya maka daga ina marubuciyar ta samo farkon labarin ba.

A shekarar nan kuma Alhaki Kuykuyo Ne ya fito, wanda a ganina shi ne gwaninta. Rabi matar Alhaji Abdu ce, ɗan kasuwa mai rufin asiri wanda ke ba ta kuɗin cefanen da ba ya isar 'ya'yansu tara, alhali yana ɓarin kuɗi a waje. Ya auro Delu, macen bariki, ya kori Rabi da 'ya'yanta. Rabi ta kama sayar da abinci, ta riƙe yaran a makaranta, ta aurar da 'yarta Saudatu ga mijin kirki. Shi kuwa Alhaji Abdu gobara ta cinye masa shago, Delu ta ci amanarsa, ya wayi gari ba shi da ko sisi. A nan ne mai karatu ke jiran Rabi ta yi dariya ta rufe ƙofarta. Sai ga mazan dangi sun taru a kanta, suna ba ta haƙuri irin wanda ba a ƙin karɓa, har ta koma.

Na san masu karatu da yawa da wannan ƙarshe ya ƙona wa rai, kuma ban ga laifinsu ba. Amma da an ƙare labarin da Rabi tana cin gashin kanta har abada, da matar da ke sauraro a tsakar gida a ƙauye irin Kutama ko Durun ta san tatsuniya aka yi mata. Ta san yadda ake biko. Ta san wa ake tambaya da wa ba a tambaya a zaman. Balaraba ta bar abin yadda yake, ta bar wa mai karatu ɗacin a bakinsa, kuma ɗacin nan ya fi kowace huɗuba aiki.

Ba a bar ta ta sha ruwa ba. Masu wa'azi sun yi ca a kan marubutan, ana cewa suna lalata tarbiyyar 'yan mata, suna kwaikwayon finafinan Indiya. Ita kanta ta ba da labarin barazanar da ta fuskanta. A ɓangaren 'yan boko, Ibrahim Malumfashi ya raɗa wa rubuce-rubucen suna Adabin Kasuwar Kano, aka shafe shekaru ana muhawara a jaridu tsakaninsa da su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu kan ko sun cancanci a kira su adabi. A 2007 abin ya kai maƙura: hukumar A Daidaita Sahu ta gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta shirya ƙona littattafai a bainar jama'a, sannan Hukumar Tace Finafinai ƙarƙashin Abubakar Rabo Abdulkarim ta nemi kowane marubuci ya yi rajista da ita, marubuta suka yi tirjiya.

Zargin da aka fi jifan masu maganar haƙƙin mata da shi a Arewa shi ne 'yan koren Turawa ne, aƙidar waje suka kwaso. Wannan zargi ba ya kama Balaraba ta ko'ina. Ita da bakinta ta ce rashin zurfin boko ne ya sa take rubutu da Hausa. Hujjojin da ke cikin littattafanta kuwa na cikin gida ne: a nemi yardar yarinya kafin a aurar da ita, miji ya sauke nauyin ci da sha da sutura, mai mata biyu ya yi adalci, neman ilimi ya hau kan mace yadda ya hau kan namiji. Duk malamin zauren da ka tambaya zai ce haka shari'a ta tanada. Laifinta kawai ta nuna gidajen da ba a yin hakan, ta kuma nuna mazan da ke fakewa da addini suna biyan buƙatar ransu. Wani manazarci Ba'amurke, Novian Whitsitt, ya yi rubutu a 2002 yana bayyana aikinta a matsayin fafutukar mata mai tushe a Musulunci da al'adar Hausa. Ba sabon abu ba ne a ƙasar da Nana Asma'u ta tura malamai mata da ake kira jaji zuwa ƙauyuka suna karantar da mata tun ƙarni na 19.

Littattafan sun ci gaba da tafiya. A 1998 Abdulkarim Muhammad ya mayar da Alhaki fim. A 2012 Aliyu Kamal na Jami'ar Bayero ya fassara shi zuwa Ingilishi, kuma kamfanin da ya buga fassarar, Blaft, a birnin Chennai yake, a ƙasar Indiyar nan da aka ce marubutanmu na kwaikwayo. Ita ma marubuciyar ta shiga harkar fim, ta shirya Juyin Sarauta a 2017.

Yau 'yan matan Kabo da Gwarzo a waya suke karanta labarai, a WhatsApp da Facebook da Wattpad, kuma da yawansu ba su taɓa riƙe littafin Balaraba a hannu ba, alhali ana nazarinsa a jami'o'in ƙasashen waje. Har yanzu kuwa ana cire ƙannensu daga aji. Shugabannin makarantun 'yan mata na yankin, da masu kula da azuzuwan ilimin manya, da 'yan majalisar da ke raba kekunan ɗinki lokacin zaɓe: a nemo Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kuykuyo Ne a saka a ɗakunan karatu, kwafi da yawa, a kuma ba 'yan maza su ma su karanta.