Jar Ƙwayar Jini da Kalsiyam: Abubuwan Mamaki a Taƙaice

A kowace daƙiƙa, ɓargon ƙashin mutum yana ƙera jajayen ƙwayoyin jini kusan miliyan 2. Kowace ɗaya tana yin kimanin kwana 120 tana zaga jiki. Ba ta da cibiyar da sauran ƙwayoyin jiki ke ajiye bayanan gado, saboda haka duk abin da ya lalace mata ya lalace ke nan, ba ta iya ƙera wani.

Kalsiyam, wanda ke ƙarfafa ƙashi da haƙori, abin gudu ne a wurinta. Wanda ke cikin ruwan jini ya ninka na cikinta fiye da sau 10,000. Wani ɗan famfo a jikin fatarta ne ke aikin kwashe shi waje, ba dare ba rana. Hans Schatzmann, masanin ƙasar Suwizalan, shi ya gano famfon a 1966.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, kayan da ƙwayar ke dako su ke cin ta. Iskar oksijin tana taɓa ƙarfen da ke cikin himogulobin, sinadarin da ke riƙe iskar a cikin ƙwayar, kamar yadda damina ke sa wa kwanon rufi tsatsa. Ƙwayar tana da sinadaran kariya, amma in ɓarnar ta fi ƙarfinsu, fatarta ta raunana, famfon ya gaza, kalsiyam ya kwararo ciki. Nan take wata ƙofa ta buɗe, fotasiyam ya fice, ruwa ya bi shi, ƙwayar ta tsotse ta yi tauri. Ana kiran ƙofar da sunan György Gárdos ɗan ƙasar Hangari, wanda ya bayyana lamarin a 1958. Bayan haka sai wani maiƙo da ke ɓoye a cikin fatar ya juyo waje. Ƙwayoyin da ke tsabtace jini a saifa da hanta da zarar sun ga wannan alama sai su haɗiye ta.

Masu sikila sun san ƙarshen wannan labari a jikinsu. Ƙwayarsu takan mutu cikin kwana 10 zuwa 20, kuma tsotsewar tana ƙara mata saurin lanƙwashewa. An gwada wani magani, senicapoc, mai toshe ƙofar Gárdos. Ƙwayoyin sun riƙe ruwansu, jini ya ƙaru, amma tashin ciwon bai ragu ba, aka dakatar da gwajin. Wannan ya yi mini zafi, don Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da sikila.

Sai ƙarancin G6PD, ɗaya daga cikin sinadaran kariyar ƙwayar. Mutum kusan miliyan 400 ke da wannan ƙaranci a duniya, kuma ya fi bayyana ga maza. Mai shi lafiya lau yake, har ranar da ya sha irin su maganin firimakwin. Kafur ɗin da uwa ke jefawa cikin akwatin kayan jariri, ko lallen da aka shafa wa jaririn, yana iya farfasa masa jini in yana da wannan ƙaranci. Idanunsa su yi ɗorawa, fitsarinsa ya yi duhu, shawara mai tsanani ta kama shi, wadda in ba a kai shi asibiti da wuri ba takan taɓa ƙwaƙwalwa.