Hunturu Ba Ya Hana Ado

Daga ƙarshen watan Nuwamba zuwa Fabrairu, duk wanda ya fito da sassafe a unguwar Damba ta Gusau, ko ya tsaya a tashar motar Tsafe ko ta Bunguɗu, zai ga mutane iri biyu. Akwai wanda ya ci ado da shadda mai sheƙi wadda ta sha sitati, ya cusa hannuwa a hammata yana karkarwa, don kada a ce gayunsa ya ɓaci. Akwai kuma wanda ya haƙura da adon gaba ɗaya, ya ɗora jibgegiyar jaket ta gwanjo a kan kaftani, ya naɗe kai da duk abin da hannunsa ya kai gare shi. Su biyun sun haɗu a kan zato ɗaya, wai a lokacin hunturu dole mutum ya zaɓa tsakanin ɗumi da kyan shiga. Wannan zato kuskure ne, kuma asalinsa shi ne rashin lura da irin sanyin da muke fama da shi, da kuma raina tufafin da muka gada.

Sanyinmu na iska ne da bushewa. Iskar hunturu tana tasowa daga arewa maso gabas, ta ratso Sahara, ta kwaso ƙura mai yawa daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, ta iso mana ba ta ɗauke da laima ko kaɗan. Da yake sararin sama ba gizagizai, zafin da ƙasa ta tara da rana yakan tsere da dare, shi ya sa a yankin Gusau ma'aunin zafi kan sauka ƙasa da digiri 15 da asuba, amma kafin azahar ya haura 30. Wato a yini guda mutum yana ratsa yanayi biyu. Jaket ɗin da ake jibgewa a kasuwanninmu kuwa an ɗinka su ne don ƙasashen da sanyi ke wuni ya kwana, inda ƙanƙara ke zuba. Wanda ya saka irin wannan da ƙarfe bakwai na safe, zuwa sha ɗaya zai jiƙe da gumi, ga shi ba ya da wurin ajiye ta, sai ya yi ta yawo da ita a kafaɗa. Idan ya cire ta da jiƙaƙƙen jiki iska ta buge shi, ya koma gidan jiya.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne tufa ba ta samar da zafi. Jiki ne ke yin zafinsa, wajen digiri 37, aikin tufa kawai ta tsare shi kada ya fita. Abin da ke tsare shi kuwa shi ne iskar da ta maƙale tsakanin zare da zare, da tsakanin riga da riga. Saboda haka riguna uku marasa nauyi sukan fi guda ɗaya mai kauri riƙe ɗumi, sannan ana iya rage su ɗaya bayan ɗaya yayin da rana ke ɗagawa. Ta cikin ita ce mafi muhimmanci, kuma ita ce ba wanda ke gani: riga mai dogon hannu wadda ta kwanta a jiki, da dogon wando mara kauri a ƙarƙashin wandon yadi. A Turai ana gargaɗin mutane su guji auduga a ciki don tana riƙe gumi, amma a bushewar hunturu gumi ba ya daɗewa, saboda haka audugar ta wadatar da mu. Abu guda za a kula da shi wajen saye, hannun rigar ya zama mai naɗuwa har sama da gwiwar hannu, domin wanda zai yi alwala sau biyar ba zai jure wa rigar da sai an tuɓe ta ba. A kan wannan sai siririyar suwaita marar hannu ko falmaran, sannan kaftani ya rufe kome. Mai kallo shaddarsa kawai zai gani.

A nan ne ya kamata mu yi wa tufafinmu na gado adalci, domin tun asali a kan wannan tsari aka gina su. Cikakkiyar shigar Bahaushe hawa-hawa ce: 'yar ciki, sannan jamfa ko kaftani, sannan babbar riga, wadda faɗinta ke tara iska mai ɗumi a kewayen jiki, idan rana ta yi kuma a naɗe hannuwanta a kafaɗa a sha iska. Hular haɓar kada tana da kunnuwa biyu da ake saukewa su rufe kunne, a ɗage su idan gari ya yi ɗumi. Rawani yana rufe kai da wuya, amawalinsa ya tare hanci da baki daga ƙura tun kafin a san takunkumin asibiti. Masaƙa sun yi mana gwado da luru da saƙi mai kauri, wanda dattijo zai yafa ya zauna a zaure ba wanda zai ce ya yi shigar banza. Ƙasar Zamfara kuwa ba baƙuwar wannan sana'a ba ce. Auduga na cikin abin da ya ɗaga Gusau bayan jirgin ƙasa ya iso ta a ƙarshen shekarun 1920, har aka kafa masana'antun gurzar auduga da masaƙar Zamfara Textile. Durƙushewar masaƙun Arewa, daga na Kaduna har na Gusau, ita ta bar mu muna jiran abin da wasu suka saka suka gaji da shi.

Mata sun fi shan wuya a wannan fanni, musamman da yake ƙarshen shekara lokacin bukukuwa ne. Atamfa falle ɗaya ce, leshi kuwa duk huji ne, ga kamu da walima ana yin su da yamma ko da dare a filin Allah. Amma dabarar ba ta canza ba. Wando mai kama jiki a ƙarƙashin zane ko siket, da riga mai dogon hannu wadda launinta ya dace da atamfar, suna yin aikin da suwaita ba za ta yi ba, kuma ba sa ɓata ɗinkin. Mayafi mai kauri ko hijabi mai nauyi ya ishi kafaɗa da wuya. Launi ma yana da nasa hukunci a wannan lokaci: fari yakan koma ja kafin la'asar, baƙi da shuɗi mai duhu kuma kowace ƙura a kansu take bayyana, amma ruwan ƙasa da ruwan toka da ruwan goro sukan wuni da mutuncinsu. Kuma duk tsadar tufa, idan ƙafa ta yi faso, leɓe ya tsage, fata ta yi furu-furu, adon ya tashi a banza. Man kaɗanya ko basilin bayan wanka, da safa da rufaffen takalmi, suna cikin shigar hunturu kamar yadda hula take.

Za a ce wannan magana ce ta masu hali, talaka da jaket ɗin gwanjo guda ya dogara. Akwai gaskiya a ciki, kuma ba wanda ya isa ya raina gwanjo, domin shi ya rufa wa miliyoyin mutane asiri. Sai dai a wurin mai gwanjon nan da ke sayar da jaket, akwai riguna masu dogon hannu da siraran suwaita da safa, waɗanda yawanci sun fi jaket araha, kuma za a ci moriyarsu har bayan sanyi. A wanke su da sabulu, a shanya a rana kafin a saka. Wanda jaket ta zame wa dole shi ne ɗan kabu-kabu da duk mai doguwar tafiya a kan babur, domin gudun iska yana kwashe ɗumin jiki nan take, sai tufar da iska ba ta ratsawa. Shi ma gara ya nemi daidai jikinsa, marar nauyi, ya haɗa da safar hannu.

Wasu kuma cewa suke sanyin wata biyu bai kai a yi masa tanadi ba, a daure kawai, ko a hura gawayi a ji ɗumi. Wannan ita ce hujjar da ta fi haɗari. Gaskiya ne ƙwayoyin cuta ke kawo mura, ba sanyi kansa ba, amma busasshiyar iska da ƙura suna raunana hanci da maƙogwaro, suna tayar da asma, sanyi kuma yana cikin abubuwan da ke tayar wa masu sikila ciwo. Jarirai da tsofaffi sun fi saurin rasa ɗumin jiki, shi ya sa hula da safa ga jariri ba ƙawa ba ce kawai. Kaskon garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar guba marar wari marar launi, wadda ke kashe mutum yana barci, kuma yawan gobarar da ake yi a wannan lokaci ba ɓoyayyen abu ba ne. Mai sanye da nailan ko foliyesta ma ya yi nesa da wuta, domin irin wannan yadi narkewa yake ya manne a fata. Bargo da ƙarin riga ba su taɓa ƙona gida ba.

Akwai waɗanda zancen ado bai ma shafe su ba, don ko ta ciki ba su da ita: almajirai masu kwana a zaure da soro, da iyalan da rashin tsaro ya koro daga ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu suka fake a gefen Gusau. Duk gidan da ya sayi sababbin kayan sanyi bana, yana da na bara a ƙasan akwati. A fito da su tun farkon Disamba a wanke a miƙa, kada a jira sai sanyi ya wuce.