Tseren babura a Amurka: wanda ya ci, a ƙara masa kaya

Ƴan kasuwa sun fi kowa sanin cewa faɗan ciniki a wurin awo yake tashi. To, a ƙasar Amurka akwai wani tseren babura da rigimarsa ita ma a kan sikeli take. Ba tseren zagaye ba ne. Babura biyu ake jerawa a kan miƙaƙƙiyar hanya mai tsawon mita 402, fitila ta kunna, su zabura. Kafin ka ƙirga bakwai an gama. Wanda aka tsere wa ya koma gida, wanda ya ci ya jira abokin karawa na gaba.

Hukumar da ke shirya gasar ita ce NHRA, wadda Wally Parks ya kafa a 1951. Rukunin baburan ƙwararru ana ce masa Pro Stock Motorcycle. A 2005 Andrew Hines ya zama na farko da ya cinye wannan tazara cikin ƙasa da daƙiƙa 7, sannan a 2018 Hector Arana Jr. ya wuce gudun kilomita 320 a awa. Da a ce ana iya riƙe irin wannan gudu, daga Maraɗi zuwa Damagaram ba za a yi awa guda ba.

Ina sikeli ya shigo? Dokar gasar ta ƙayyade nauyin da babur ba zai gaza ba, kuma tare da mahayinsa ake auna shi, da hular kwano da rigar fata. Jimillar takan kusanci kilo 300, wato kusan buhu uku na gero. Da an gama gudu sai a tura babur wurin awo, a kuma duba man da aka zuba masa. Idan nauyi ya gaza, ko da kaɗan ne, an soke gudun, kome kyansa.

Dalili a fili yake. A tseren da ake rabuwa da tazarar da ba ta kai ƙiftawar ido ba, kowane kilo yana da farashi. Jaki mai ƙaramin kaya ya fi saurin isa kasuwa. Ba don wannan doka ba, da kowa sai ya rage ƙarfen babur ɗinsa har ya zama haɗari, mahaya kuma su dinga kashe kansu da yunwa. Mahayi marar jiki ana cika masa da darma ko ƙarfe. Amma ko nan akwai riba a ɓoye: mai ɗan jiki yana zaɓar inda zai ɗaura wannan ƙarin, gaba ko baya, yadda taya za ta fi kama ƙasa, alhali mai ƙiba nauyinsa na jikinsa. Mata sun yi suna a wannan rukuni. Angelle Sampey, mace ƴar ƙarama, ta ɗauki kambun shekara sau uku a jere, a 2000 da 2001 da 2002.

Babbar matsalar ita ce injunan ba iri ɗaya ba ne. Akwai na Suzuki mai silinda huɗu a jere, akwai kuma masu manyan silinda biyu irin na Buell da Harley-Davidson. Don a haɗa su fili guda, hukumar takan ba kowane iri nasa nauyin da nasa girman inji. Idan ta ga wani iri ya fara yi wa sauran nisa, sai ta ƙara masa kaya, ko ta sauke wa na baya.

Abin da ya faru a 2012 shi ne misalin da har yanzu ake kawowa. Baburan Harley-Davidson na ƙungiyar Vance & Hines, da Eddie Krawiec da Andrew Hines a kansu, sun ci 15 cikin tsere 16 na shekarar. An ƙara musu nauyi, abin bai hana ba. Daga 2013 sai aka taɓa injin kansa: ƙofofin shigar iska da fitar hayaƙi, waɗanda makanikai ke kira supap, aka ce biyu za a sa wa kowace silinda maimakon huɗu. A shekarar Matt Smith ne ya ɗauki kambu a kan Buell. Sai dai murnar ba ta daɗe ba, domin a 2014 da 2015 Hines ya sake karɓewa. Bayan Harley-Davidson ya janye, ƙungiyar ta koma Suzuki, kuma a 2023 Gaige Herrera ya ci 11 cikin 15. Ƙorafin da ake yi wa Harley jiya sai ya koma kan Suzuki.

Kowane ɓangare yana da hujjarsa. Masu ci suna cewa: mun kwana a gareji, mun zuba kuɗi, mun bi doka, don me ladanmu zai zama darma? Ƙananan ƙungiyoyi kuma suna cewa idan tun kafin a tashi an san mai ci, ɗan kallo ba zai sayi tikiti ba, kamfanonin talla za su janye, mai ƙaramin ƙarfi ya sayar da baburinsa. Ranar da aka rasa abokin karawa, gwanin ma ya rasa abinci. Kasuwar da mutum ɗaya ke ci ba ta daɗewa tana ci.

Mu ma mun san wannan muhawara a filin kokowa. A gasar takobi ƙato da siriri suna haɗuwa, kuma daɗin ke nan idan ƙarami ya ka da babba. A gasar ƙasashen CEDEAO kuwa sai an hau sikeli an raba ƴan kokowa bisa nauyi.

Abin da tarihin wannan tsere ya nuna shi ne, ƙarin nauyi yana rage gudu amma ba ya rage basira. Mai aiki zai sake dawowa. Abin da ya fi cin rai shi ne a canza awo ana tsakar shekara, bayan mutum ya riga ya kashe kuɗinsa. Duk wadda ta taɓa sarin hatsi da tiya guda, ta zo sayarwa aka ce an sake tiya, ta san zafin abin. A bayyana ma'auni tun farko, a auna kowa da shi a gaban jama'a, sannan a bar hanya ta raba gardama.