Bel ɗin tsohuwar mota: yaushe ake wankewa, yaushe ake canjawa?

Mafi yawan motocin da muke hawa sun yi rayuwa guda a Turai ko Amurka kafin a sauke su a tashar jirgin ruwan Kwatano ko Lome ko Tema, su zo su fara ta biyu a hannunmu. Idan aka sayo mota, mukan duba inji, mu duba giya da tayu, mu saurari ƙarar salansa. Ba kasafai wani ke jawo bel ɗin kujera har ƙarshe ya duba shi ba. Ga shi kuwa wannan igiyar ta yi shekara 20 ko fiye tana shan rana, yanzu kuma ta zo ƙasar da zafi da ƙura suka fi na inda ta fito.

Bel mai ɗauri uku, wanda ke ratsa ƙirji ya kewaye ƙugu, wani injiniyan kamfanin Volvo na ƙasar Suwidin mai suna Nils Bohlin ne ya tsara shi, aka fara sa shi a mota a 1959. Kamfanin ya bar wa sauran masu ƙera motoci su yi amfani da fasahar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaura bel yana rage haɗarin mutuwa ga na kujerar gaba da kusan rabi. Amma wannan lissafin na bel mai lafiya ne.

Mu duba nauyin da ke kansa. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa, idan ta daki abu ta tsaya cak, jikin wanda ke ciki zai ci gaba da tafiya kamar wanda ya faɗo daga tsayin mita 10, wato kusan bene hawa uku. A wannan ƙiftawar ido, jan da babban mutum zai yi wa bel yakan haura tan ɗaya, nauyin buhun siminti 20 ke nan. Shi ya sa ƙa'idar da Turai ke bi ta ce dole igiyar ta ɗauki kimanin tan ɗaya da rabi ba ta tsinke ba. Zaren roba ne mai ƙarfi aka saƙa, kowane zare da rabonsa na nauyin. Idan gefe ya ɗan yage, yagewar daga nan za ta bi, kamar yadda mai sayar da yadi ke tsaga baki kaɗan da almakashi sannan ya ja da hannu.

A nan ne muke da matsala da gyaran da aka saba yi. Bel ya tsinke, a kai wa baduku ko mai ɗinkin kujerun mota ya haɗe shi da keke. Wani ya ƙulle shi. Wani ya ƙona bakin da ashana don kada ya ci gaba da warwarewa. Duk waɗannan za su gamsar da jandarman da ya leƙo ta taga, amma ba za su riƙe tan ɗaya ba. Ɗinkin masana'anta da zare na musamman ake yinsa, da tsari da adadin da aka gwada a kan na'ura. Ƙulli kuwa rage ƙarfin igiya yake yi, duk wanda ya taɓa jan guga a rijiya ya san inda igiya ta fi son tsinkewa.

To, yaya za mu gane halin da namu yake ciki? A jawo bel ɗin gaba ɗaya da rana, a bi shi da yatsu ciki da waje. A nemi yanka, da gefen da ya yi gashi-gashi, da ramin wutar taba, da wurin da ƙofa ta saba datsewa. Idan launinsa ya koɗe sosai kuma ya yi tauri kamar busasshiyar fata, rana ta cinye shi. Idan ruwan batir ya taɓa zuba a kansa, a ɗauka ya mutu ko da ido bai ga komai ba. Sannan a fizge shi da ƙarfi sau ɗaya: ya kamata ya cije nan take. A ja a hankali: ya kamata ya biyo ba gardama. A sa harshen ƙarfen cikin makullinsa, a ji ya ce ƙas, a ja a ga bai fita ba sai an danna jan maɓallin.

Ba kowace matsala ce ke bukatar sabo ba. Bel ɗin da ke komawa da nawa, ko ya tsaya yana reto a bakin ƙofa, sau da yawa dauɗa ce kawai: gumi da ƙurar hunturu sun taru a jikinsa da kuma zoben da yake ratsawa a saman kafaɗa. A jawo shi duka, a maƙale shi da abin shanya, a wanke da ruwan ɗumi da sabulu mai sauƙi, a goge zoben, a bar shi ya bushe a inuwa kafin a sake shi ya naɗe. Kada a sa masa bilic ko fetur ko kananzir. Makullin da ya ƙi kamawa kuma, a leƙa cikinsa. Yashi ne, ko ɓawon gyaɗa, ko tsabar kuɗin da yaro ya tura. A hure da iska. Kada a ɗura masa baƙin mai, domin ƙura zai ƙara tarawa.

Amma motar da ta taɓa yin karo mai ƙarfi da mutum ɗaure a kujera, bel ɗin wannan kujerar ya gama aikinsa. An yi shi ne ya ɗan miƙe don ya sassauta wa ƙirji bugun, kuma sau ɗaya yake yin haka. Wannan ne ya sa sayen na hannu yake bukatar ido. A Kofar Ruwa ta Kano, ko Suame ta Kumasi, ko kasuwar kayan gyara ta kowane gari, akwai bel masu kyau da aka kwance daga motocin da inji ne ya kashe su, akwai kuma waɗanda aka ciro daga motar da ta yi haɗari. Alamar na haɗari ita ce wani sheƙi kamar an goga dutsen guga a jikin igiyar, da robar harshen ƙarfen ko ta zoben da ta ɗan narke ta yi zane. A duba ƙyallen da ke ɗinke a ƙasan bel ɗin: yakan nuna shekarar da aka yi shi, na Turai kuma yana da harafin E da lamba. Idan akwai halin sayen sabo, shi ne kwanciyar hankali.

A tafi kasuwa da tsohon a hannu, da lambar jikin motar. Na dama daban, na hagu daban, na mota mai ƙofa biyu ba ya zama a mai ƙofa huɗu. A sayi igiyar da manaɗinta da makullinta tare, saboda harshen wani kamfani yakan shiga makullin wani ya yi kamar ya kama, alhali da an ja da ƙarfi zai zame.

Dalilin wannan tsanani yana cikin manaɗin, wato akwatin da ke ɓoye a ginshiƙin da ke tsakanin ƙofar gaba da ta baya. A cikinsa akwai 'yar ƙwallon ƙarfe zaune a wani ɗan kwano. Idan aka taka birki da ƙarfi ko motar ta karkata, ƙwallon ta gangara ta ɗaga wani haƙori ya tare naɗin. Saboda haka kowane manaɗi da karkatar da aka tsara masa ya zauna. Idan makanike ya ɗaura shi a gicciye don ramin noti bai yi daidai ba, ko dai ya riƙa cijewa kullum har mai motar ya gaji ya daina ɗaurawa, ko kuma ya yi jinkirin cijewa ranar da ake bukata. Shi ya sa ma idan aka riƙe sabon a hannu a karkace, igiyar ba ta fitowa. Ba lalacewa ya yi ba. Murfin da ke gefensa kuwa kada a buɗe, akwai naɗaɗɗen ƙarfe mai tsawo a ciki da zai yi tsalle ya yanki hannu ko fuska.

Notocin bel ba irin sauran ba ne. Ƙarfensu mai tauri ne, kuma a yawancin motoci zarensu na inci ne, ko da sauran notocin motar na milimita ne. A mayar da na asali da wasoshinsu yadda aka same su, kada a tilasta wani da ya yi kama. A duba ƙarfen da notin ke shiga. Motocin da suka fito daga ƙasashen ƙanƙara, inda ake zuba gishiri a titi, sukan zo da tsatsa a ƙasa. Idan wurin ya ruɓe, sai mai walda ya gyara shi tukuna, in ba haka ba sabon bel ɗin da notinsa za su fito tare.

Akwai kuma abin da ɗalibanmu masu koyon kanikanci ya kamata su riƙe. Motocin da ke da jakar iska, yawancinsu bel ɗinsu yana da ɗan abin fashewa da ke tsuke igiyar a farkon karo. Mercedes ta fara sa shi a 1981, daga baya ya bazu. Ana gane shi da waya mai kan roba ruwan ɗorawa da ke shiga manaɗin ko makullin. Kafin a taɓa shi, a kashe mota, a cire kan batir, a jira; littafin gyaran Toyota ya ce aƙalla daƙiƙa 90. Ba a gwada shi da mita, ba a dukansa da guduma, ba a kai masa wuta. Wanda ya riga ya fashe ba ya gyaruwa. Bayan an gama, fitilar jakar iska ta kama idan an murza makulli, sannan ta mutu bayan 'yan daƙiƙu. Idan ta zauna a kunne, aiki bai ƙare ba, kuma cire ƙwan fitilar ba magani ba ne.

Muna jan hankalin kwamitocin masallatai da makarantu da ke da motar haya ko bas ta ɗaukar yara zuwa musabaƙa da wa'azi. A irin waɗannan motocin za a tarar bel ɗin baya an cusa shi ƙarƙashin kujera tun ranar da aka canja leda, wani ma an yanke shi don yana damun masu lodi. Mai motarsa shi ya zaɓa wa kansa, amma yaron da iyayensa suka miƙa mana bai zaɓi komai ba. A ɗaga kujerun a zaro su, a ƙirga ko kowane mazauni yana da nasa.

Idan an ɗaura sabon, a tabbata igiyar ba ta murɗe ba daga sama har ƙasa. Sai a sami fili marar jama'a, a ɗaura, a tafi a hankali kamar gudun keke, a taka birki da ƙarfi. Ya kamata a ji ya riƙe kafaɗa nan take, ya kuma saki da zarar motar ta tsaya.